Yadda Ake Binciko Asalin Marubuci a Sikotland: Misalin Lord Byron

Mutane da yawa suna ɗaukar Lord Byron a matsayin mawaƙin Ingila zalla, domin a Landan aka haife shi ranar 22 ga Janairu, 1788. Amma mahaifiyarsa, Catherine Gordon, 'yar gidan Gight ce da ke yankin Aberdeenshire a Sikotland, kuma a birnin Aberdeen ya yi ƙuruciyarsa har ya kai shekara 10. Mai son bin salsalar marubuci irin wannan yana bukatar tsari, domin labaran da ake bayarwa game da mashahuran mutane sun fi takardun da ke tabbatar da su yawa.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da aka riga aka tabbatar, sannan a riƙa komawa baya daga ɗa zuwa iyaye, daga iyaye zuwa kakanni, ba tare da tsallake ko mutum ɗaya ba. A kan Byron, an san cewa mahaifinsa, Kyaftin John Byron, ya auri Catherine a garin Bath a 1785, ya kuma rasu a Faransa a 1791.

Daga nan sai a bi dangin uwa da muhimmanci, kuma a ganina nan ne masu bincike suka fi yin sakaci, saboda sunan uba ne yake jan ido. Takardun Sikotland suna sauƙaƙa wannan aiki, domin sukan ambaci mace da sunan gidan mahaifinta ko bayan ta yi aure. Ana samun su a shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun tarihin ƙasar, National Records of Scotland, take gudanarwa. Sai dai a lura cewa gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai a 1855. Kafin wannan shekara, dogaro yana kan kundayen cocin kowace gunduma, waɗanda mafi daɗewa a cikinsu ya fara daga 1553, kuma suna da giɓi mai yawa: wasu sun lalace, wasu iyalan kuma ba mabiya Cocin Sikotland ba ne, don haka sunayensu suna cikin wasu kundayen dabam. Rashin ganin suna a rajista ba hujja ba ce cewa mutumin bai zauna a garin ba. Takardun ƙidayar jama'a na 1841 zuwa 1921 suna da amfani ga marubutan baya-bayan nan, amma ba su shafi Byron ba, tunda ya rasu a Girka a 1824.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne fa'ida idan gidan na masu dukiya ne, shi ne bin sawun ƙasa da gado. Tun 1617 Sikotland take da rajistar mallakar filaye da gidaje mai suna Register of Sasines, ga kuma takardun wasiyya da ke lissafa magada da basussuka. Irin waɗannan takardu ne suke bayyana dalilin abin da ake gani a rayuwar yaro. Catherine ce ta gaji gidan Gight, kusa da Fyvie a bakin kogin Ythan, amma a 1787 aka sayar da shi don biyan bashin mijinta. Wannan ciniki ne ya sa 'yar babban gida ta koma zaman haya da ɗanta cikin ƙuncin rayuwa a Aberdeen, a titunan Queen Street da Broad Street.

Bayan haka a nemi wuraren ƙuruciyar kansu. Byron ya yi karatu a Aberdeen Grammar School har zuwa 1798, lokacin da ya gaji sarautar gidansu ya koma Newstead Abbey, gidan gadon dangin mahaifinsa a Ingila. Ya kuma taɓa zama a wata gona kusa da Ballater, inda ya ga dutsen Lochnagar da ya yi wa waƙa daga baya. Tsofaffin taswirori da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Sikotland ya sa a intanet suna nuna titunan yadda suke a da, bayanan gundumomi da Sir John Sinclair ya tattara tsakanin 1791 da 1799 kuma suna kwatanta sana'o'i da makarantu na daidai wannan zamani.

Sai an gama duk wannan ne ya kamata a koma ga maganar marubucin da ta danginsa, a auna ta da takardun. A cikin doguwar waƙarsa Don Juan, Byron ya ce rabinsa ɗan Sikotland ne ta haihuwa, ta tarbiyya kuwa gaba ɗayansa, kuma takardun makaranta da na gado sun goyi bayan hakan. Mahaifiyarsa kuma tana alfahari da cewa jininta ya fito daga Sarki James na Ɗaya na Sikotland, kuma irin wannan iƙirari ba a karɓarsa sai an tabbatar da kowane aure da kowace haihuwa a tsakani. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa an ƙone shi a ofishin mai buga littattafansa, John Murray, a 1824, amma wasiƙunsa da dama suna cikin taskar John Murray da ke Babban Ɗakin Karatun a Edinburgh. Duk abin da aka ciro daga can, a rubuta lambar takardar da kwanan watanta a gefensa, a kuma ware shafi dabam ga abin da aka ji a baki kawai.