Mai ciki da ciwon afendis: yadda za ki bi da gwajin jini

Idan kina da juna biyu, ciwo ya taso miki wajen cibiya, bayan wasu awanni ya gangaro ƙasan ciki ta hannun dama ya kafe a nan, ga tashin zuciya, abinci ya fita ranki, to 'yar uwa kar ki jira ranar awo. In aka cire matsalolin cikin kansa, afendis ce ta fi kai masu ciki ɗakin tiyata da gaggawa. In cikin ya tsufa ciwon yana iya ɗan haurowa sama saboda mahaifa ta tura hanji.

Ki ɗauki katin awonki ki nufi inda ake da lab da likitan tiyata, a cikin garin Gombe akwai FTH, wato asibitin koyarwa na tarayya, da asibitin Specialist, in kina Kumo ko Billiri ko Bajoga ki fara da babban asibitin da ke kusa, su za su tura ki gaba in ya fi ƙarfinsu. Ki dakata da ci da sha har likita ya gan ki. Kuma don Allah kar maigida ya biya kemis ya sayo diclofenac ko kafso, na farkon bai dace da mai ciki ba musamman a watannin ƙarshe, na biyun kuma yana rikita abin da likita zai gani. Ki riƙe lokacin da ciwon ya fara, bayan Isha'i ne ko da Asuba, za a tambaye ki.

Gwajin farko da za a rubuta miki shi ne FBC, wato ƙirgen ƙwayoyin jini, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Wanda ba shi da ciki, fararen ƙwayoyin jininsa suna tsakanin 4,000 da 11,000, in sun wuce haka sai a fara zargin kumburi. Amma ciki da kansa yana ɗaga su, mai ciki lafiya lau tana iya kai 15,000 ko ɗan fiye a watannin ƙarshe, lokacin naƙuda ma su haura 20,000. Ke nan takarda ta nuna 13,000 ba hujja ba ce cewa afendis ce, haka kuma in ta nuna komai daidai bai wanke ki ba, musamman in ciwon bai daɗe da farawa ba. Likita yana duba kason neutrophils, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, a ciki, sannan in akwai hali ya ƙara da CRP, gwajin jini mai nuna kumburi, shi kuma wannan yana da nawa, sai ciwo ya yi kamar rabin yini ko fiye kafin ya tashi sosai. Shi ya sa in aka ce za a kwantar da ke a sake ɗiban jini bayan wasu awanni ki yarda, ba cin kuɗi ba ne, hawan da lambar ta yi tsakanin na farko da na biyu ya fi lamba ɗaya faɗin gaskiya.

Za a gwada fitsari da maleriya. Ni dai wanda ke ba ni haushi shi ne Widal, gwajin taifod, da ya nuna wani abu sai kowa ya ce taifod ce a koma gida, alhali gwajin yakan yi ƙarya a inda taifod ta yi yawa kamar wajenmu. Ko an samu maleriya ko ƙwayar cuta a fitsari, in ciwon gefen dama yana nan ki tambayi likita ko ya cire afendis daga lissafi.

Daga nan sai sikanin, ba ya cutar da jariri, sai dai sau da yawa mahaifa tana tare afendis ɗin ba a ganinta. MRI, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi nunawa inda ake da shi. In hannun likita da gwaji da hoto suka karkata ga aiki, a yi, domin in ta fashe haɗarin ɓari ko haihuwar bakwaini yana ƙaruwa sosai.

Maigida kai kuma aikinka a nan, kar a neme ka wajen sa hannu a ce ka tafi shawara da dangi. Za a duba PCV, wato yawan jininta, da rukunin jininta, masu ciki da yawa dama jininsu ƙasa yake, sai ka kira 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini su zo su zauna kusa tun kafin a shiga da ita.