Littattafan da ɗalibin ilimin taurari zai fara da su

Kafin ka sa hannu a aljihu wajen masu sayar da littattafai a kewayen Babban Masallacin Jos, ka sani ilimin taurari kashi biyu ne. Akwai na lissafin tafiyar rana da wata don gane alƙibla, lokutan salla da shigowar damina, wanda malamai suka halatta. Akwai kuma na yanke hukunci kan makomar mutum, wanda suka hana a gaskata, domin gaibu sai Allah. Ko tarihin na biyun kake son sani, dole ka bi ta na farko, don a kan lissafinsa aka gina komai.

Fara da manzilolin wata guda 28, wato masaukan wata a hanyarsa a sama, waɗanda manomanmu ke kira taurari. Kowane yana ɗaukar kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Kitabul Anwa'i na Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya jera su da yanayin kowane. Muƙni'i na Mirgiti kuwa baitoci ne na haddacewa, kuma ba ya buɗuwa sai da sharhi da malami a gabanka.

Daga nan sai Kitabut Tafhim na Biruni, wanda ya rubuta a 1029. In kuɗinka na littafi ɗaya ne, wannan za ka saya. Tambaya da amsa ne, ya fara da awon siffofi da lissafi, ya wuce tsarin sama, sai can ƙarshe ya taɓo hukunci. Wanda ya gama shi ya san buruji 12, taurari bakwai masu tafiya, da abin da ake nufi da ɗali'i, wato darajar burujin da ke ɓullowa daga gabas a lokacin da ake lissafi. Madkhal na Ƙabisi gajere ne, ya dace a biyo da shi. Babban Madkhal na Abu Ma'ashar sai an kwana biyu. Haka ma Durrul Manzum na Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741: abin alfahari ne gare mu, amma ba na mai koyo ba ne.

Guji ƙananan littattafan nan masu ɗauke da sunan Abu Ma'ashar da ke cewa ka haɗa lissafin sunanka da na mahaifiyarka ka raba da 12. Jingina masa su aka yi, kuma ba ruwansu da kallon sama.

Kuskure ya fi faruwa wajen aiki da jadawali. Duba ko littafin yana bin hisabin Magariba ne ko na Gabas wajen bai wa haruffa lamba: harafin Sad 60 ne a na Magariba da ake koya a tsangaya, 90 ne a bugun Misira da Beirut. Duba watanninsa ma. Tsofaffin littattafai suna bin watannin ajami, wato na tsohuwar kalandar rana, waɗanda yau suke bayan kalandarmu da kwana 13. Su kansu taurarin suna gocewa daga muhallinsu da daraja ɗaya duk shekara 72, saboda haka littafin da ya shekara 1000 ya kauce da kusan daraja 14.

Jadawalin ɗali'i da aka tsara don Alƙahira, mai daraja 30 arewa, ba zai yi a Jos mai kusan daraja 10 ba. Ga kuma agogo: na Najeriya an saita shi a kan daraja 15 gabas, Jos kuwa tana wajen 9, bambancin kusan minti 24 ke nan. Tunda ɗali'i na matsawa daraja ɗaya duk minti huɗu, rashin cire wannan zai jefa ka nesa da daraja shida.

Gwada abin da ka karanta da idonka. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, fita bayan gari ka nemo Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, ka lissafo Dabaran da Haƙ'a, manzilolin da ke biye da ita, sannan ka tabbatar da manhajar Stellarium, kyauta ce a waya.