Hoton dare a ƙauye: inda masu kyamara ke tuntuɓe

Bayan sallar isha'i a ƙauyukan wajen Ringim ko Dambatta, hasken da ya rage bai wuce ƙwan solar mai shayi da garwashin mai tsire ba, sai fitilar babur in ta gifta. Wannan ɗan hasken ya isa a ɗauki hoto mai kyau. Yawancin hotunan dare gaggawar kunna filasha ce ke ɓata su.

Filashar da ke jikin ƙaramar kyamara ba ta cika wuce mita 3 zuwa 5 ba. Ka tsaya a bayan taro ka haska 'yan dambe, sai ƙeyar waɗanda ke gabanka ta fito fari fat, 'yan wasan kuwa suna can cikin duhu. Da hunturu abin ya fi muni. Ƙurar da ke yawo a bakin gilashin kyamara ita ke dawo da hasken, hoto ya cika da fararen ɗige-ɗige, har ka ji wasu na cewa aljanu aka ɗauka. Kashe filashar, ka matso da mutumin kusa da fitila yadda hasken zai sauka a gefen fuskarsa. In fitilar tana bayansa, inuwarsa kawai za ka samu.

Sai rawar hannu. A duhu kyamara takan daɗe da ƙofarta a buɗe don ta tara haske, kuma da lokacin ya zarce 1/60 na daƙiƙa, ko numfashinka ya isa ya sa hoto ya yi dishi-dishi. Ba sai ka sayi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ba. Kifa turmi, ko ka ɗora kyamarar kan buhun gero ka danna ta ta zauna daram. Sirdin babur ma ya yi, in an kashe injin. Daga nan sa agogon kyamarar ya jira daƙiƙa 2, domin danna maɓallin kansa girgiza ne. Amma fa wannan dabarar ta abin da ke tsaye ce: masallaci, rumbu, bishiyar kuka. Makaɗi da mai rawa ba za su jira ka ba, su sai 1/250 ko abin da ya fi shi sauri.

A nan ISO ke shigowa, wato lambar da in ka ɗaga ta hoto ke ƙara haske, kuma mutane na tsoronsa fiye da kima. Wani zai kafe a 100 don kada hoto ya yi tsaki-tsaki. Ni dai gara tsaki-tsakin da fuskar da ba a gane mai ita. Fara daga 800, ka hau zuwa 1600 ko 3200 in ta kama. Buɗe idon kyamarar gaba ɗaya, wato lambar f mafi ƙanƙanta. Kuma ka rage jawo hoto daga nesa: gilashin 18-55 da ake sayar da kyamarori da shi yana tashi daga f/3.5 ya koma f/5.6 in ka jawo har ƙarshe, fiye da rabin hasken ya tafi ke nan. Taka da ƙafarka ka matsa, ka yi sallama, ka nemi izini.

In kyamara ta yi ta kai-komo ta kasa saita fuska, sa yaro ya haska tocila, ka saita, ka riƙe maɓallin a rabi, ya kashe, sannan ka danna.

Watan sama kuma ba ya son doguwar buɗewa, tunda hasken rana ne a jikinsa. Daren sha huɗu gwada ISO 100, f/11 da 1/125, in ba haka ba farin dunƙule za ka samu. Kafin ka bar wurin ka ƙara girman hoton a allon kyamara ka duba idanun mutane, don allon yakan nuna hoto da haske a duhu fiye da yadda zai fito a kwamfuta.