Yadda za ka tashi tsohon kaset ɗin Sega

Ran nan na tono wani kwali a ɗakin Hajiyarmu a Gwale, sai ga Sega Mega Drive ɗina, wato na'urar wasan gem da ake jonawa da talabijin, da kaset bakwai na wasanninta, ƙurar hunturu ta yi musu lulluɓi. Tun 1988 na'urar nan ta fito a Japan, amma har yau da ranta.

Kada ka hura kaset da baki irin yadda muke yi muna yara, danshin numfashi ne ke sa haƙoran ƙarfensa su dafe. Sayo sifirit a kemis, ka ɗan jiƙa auduga, ka goge haƙoran a hankali har audugar ta daina yin baƙi. Bar shi ya sha iska minti goma kafin ka zura.

Sai maganar wuta, nan ne ake asara. Adaftar da aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take so, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa ta ƙone. Kai wa mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya duba maka tukuna.

Ni dai kowane kaset sai na ɗauki hotonsa a waya, na rubuta sunansa da shekararsa, sannan na ɗaure shi a leda nesa da rana.