Shukar da ta dace da gidan bakin ruwa a Legas

Na daɗe ina aikin lambu a gidajen bakin ruwa tsakanin Ajah da Epe, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya sayi fili, ya sare komai, ya zuba kankare har cikin ruwa, sannan ya ce yana son jin kukan tsuntsaye.

Ɗan'uwa, fara da duba ruwanka. A Legas yana ƙara gishiri da rani, musamman kusa da teku, amma wajen Epe gishirin kaɗan ne. Inda yake da gishiri, idan ka tarar da itacen nan mai dogayen saiwoyi a sarari, wanda Yarabawa ke kira egba, kada ka taɓa shi. Shi ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta, kuma a cikin saiwoyinsa ƙananan kifi da ƙaguwa da jatan lande ke girma. Su ke jawo zalɓe da belbela. Bar masa ko da taku goma ne.

Daga nan zuwa jikin gida, dasa tukurwa a wuri mai dausayi, kwakwar manja a ɗan tudu. Shinge kuwa na fi son aduruku: ka yanki reshe ka soka a ƙasa, ya kama, furensa kuma na kiran ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye masu shan fure. Sa shuwaka kusa da kicin, ka bar wasu su yi fure saboda malam-buɗe-littafi. Ɓaure na ciyar da tsuntsu da jemage, sai dai a nisanta shi da gini da sokawe, wato ramin bayan gida, don saiwarsa na fasa su.

Yi dashe a watan Afrilu ko Mayu, damina ta shayar maka. Kada ka fesa maganin ƙwari, ruwan sama zai wanke shi ya kai wa kifi.

Akwai ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar kwalekwale a Ikorodu. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta shigo ta Badagry wajen 1984. Tsamo ta, shanya, ka yi taki da ita.

Kafin ka sayi ko tsiro ɗaya, je wurin adana daji na Lekki da aka kafa a 1990, ka zaga da ƙafa, ka lura da abin da ke fitowa a cikin ruwa da abin da ke tsayawa a tudu.