Yadda ake tantance jinsin halitta, daga gero da maiwa zuwa sauron maleriya

Manomi ya san gero, ya san maiwa. Gero yakan nuna da wuri, maiwa kuwa sai damina ta ɗauke ake girbinta, a kasuwa ma kowanne da farashinsa. Amma masanin tsirrai zai gaya maka jinsinsu ɗaya ne, iri ne kawai ya bambanta. Akwai kuma sauro biyu da ko ka sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma ba za ka raba su ba, alhali jinsinsu daban, halinsu daban. Ido kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Ga yadda masana ke bin abin daki-daki.

Fara da samfuri mai cikakken bayani

Ka ɗauko abin da kake son tantancewa cikakke. In tsiro ne, ka haɗa da ganye da fure da 'ya'ya, ka danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe. In sauro ne, ka sa shi a ƙaramar kwalba tare da sinadarin tsotse danshi. Sannan ka rubuta da fensir: wuri, rana, da yanayin inda ka same shi, cikin ɗaki ne ko garken shanu ko bakin fadama. Samfurin da ba a san inda ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Duba siffa

A nan ana aiki da littafin tantancewa, wanda ke jero tambayoyi masu amsa biyu-biyu, kowace amsa ta tura ka zuwa tambaya ta gaba har ka iso ga suna. Ka lura da sauron da ya sauka a bango. In jikinsa ya kwanta daidai da bangon, mai yiwuwa Culex ne. In ya soke kai ya ɗaga bayansa sama, fikafikansa kuma da ɗigo-ɗigon fari da baƙi, to Anopheles ne, dangin da ke yaɗa maleriya. Sau da yawa siffa tana wadatarwa, amma tana yaudara ta fuska biyu. Kaura da farafara sun sha bamban a launi da ƙwaya, duk da haka dawa ce jinsi guda. Wasu kuma kamarsu ɗaya sak, jinsinsu biyu.

Tambayi haihuwa

A 1942 masani Ernst Mayr ya tsara ma'aunin da ya fi shahara: jinsi shi ne rukunin halittun da ke iya barbara a tsakaninsu a muhallinsu, kuma ba sa cakuɗa zuri'a da wani rukuni. Jaki da goɗiya suna haifar alfadari, ƙaƙƙarfa mai juriya, amma kusan duk alfadarai ba sa haihuwa. Dalili yana cikin ƙwayar halitta: doki na da kuromosom (ƙunshin bayanan gado) 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, waɗanda ba sa haɗuwa biyu-biyu yadda ya kamata wajen samar da maniyyi ko ƙwai. Don haka doki jinsi ne, jaki jinsi ne. Gero da maiwa kuwa, in furensu ya zo lokaci guda, suna haɗuwa su ba da iri mai tsirowa ya sake ba da iri.

Wannan ma'auni bai kai ko'ina ba. Bakteriya ba ta barbara, rabewa take yi gida biyu. Ƙasusuwan halittun da suka ƙare tun da daɗewa ba su da yadda za a gwada su. Tsirrai da yawa kuma suna haɗuwa da maƙwabtan jinsi su ba da 'ya'ya masu haihuwa. Shi ya sa ba a tsayawa nan.

In ido ya gaza, a koma ga DNA

Wannan matakin ne na fi so mai karatu ya riƙe, domin ya shafi rayukan yaranmu. Shekaru da dama ana kiran babban sauron maleriya na Afirka da suna ɗaya, Anopheles gambiae. Daga baya gwajin barbara a ɗakin bincike ya nuna jinsuna ne da yawa masu kama ɗaya, domin in an haɗa su mazan da aka haifa ba sa haihuwa. Cikinsu akwai Anopheles arabiensis, wanda ya fi jure fari, yana cizon shanu kamar yadda yake cizon mutum, kuma sau da yawa a waje yake hutawa bayan ya sha jini.

An ga nauyin wannan a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi babban bincike daga 1969 zuwa 1976. An fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, an raba magani, cutar ta ragu amma yaɗuwarta bai tsaya ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Masani ɗan Italiya Mario Coluzzi ya yi nazarin kuromosom ɗin sauron Najeriya a wancan zamani, kuma a 2013 da aka sake raba gambiae gida biyu, sai aka sa wa sabon jinsin suna Anopheles coluzzii don girmama shi. Tsutsar coluzzii ta fi son ruwa mai daɗewa kamar na gonar shinkafa, ta gambiae kuwa ƙananan kududdufan ruwan sama.

Yau aikin ya yi sauƙi. Ana cire ƙafa ɗaya ta sauron, a fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a ninka wani ɗan yankinsa da na'urar PCR mai yin kwafi da yawa, a ga jinsin. Ga dabbobi gaba ɗaya, tun 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar karanta wani yankin DNA mai haruffa kimanin 650 a kwatanta shi da na rumbun bayanai. Ga bakteriya kuwa, in DNA ɗin biyu ya dace da kusan kashi 95 cikin ɗari, ana ɗaukarsu jinsi ɗaya. Sai dai kada ka dogara da hujja guda. Siffa, haihuwa, muhalli da DNA, sai sun nuna hanya ɗaya hankali ke kwanciya.

Rubuta suna yadda aka yarda

Sunan kimiyya kalma biyu ne na Latin, tsarin da Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa wa tsirrai a 1753. Ta farko sunan dangi ce, da babban baƙi, ta biyu ta jinsin, da ƙaramin baƙi: dawa Sorghum bicolor, jaki Equus asinus. In kana ganin ka samo sabon jinsi, dole ka ajiye samfuri na asali a gidan adana samfura, ka wallafa bayaninsa, domin wani ya iya zuwa ya duba.

A ɗakin gwajin sinadarai

Masana sinadarai ma suna maganar jinsi, kuma dabarar ɗaya ce: kada ka tsaya ga sunan gaba ɗaya. In an ce akwai kuromiyam, wani nau'in ƙarfe, a ruwan rijiya, ka tambaya wanne. Mai cajin lantarki uku shi ne wanda masana'antun jima ke amfani da shi, gubarsa da sauƙi. Mai caji shida yana narkewa ya bi ruwa, kuma yana jawo ciwon daji. Haka zaiba: wani jinsinta da masana'anta ta zubar a ruwa ya taru a naman kifi, shi ne ya haddasa cutar da aka gano a Minamata ta Jafan a 1956. Don haka in za ka kai ruwa gwaji, ka rubuta a takardar cewa jinsin sinadarin kake nema, ba jimillarsa kaɗai ba. Ka cika kwalba mai tsabta, ka rufe ta sosai, ka sa ta cikin ƙanƙara, ka kai da wuri, domin jinsi ɗaya na iya komawa ɗayan tun yana cikin kwalbar.