Burodin nama: kurakuran da na gaji da gani

A watan nan kaɗai mutum uku suka kira ni a kan magana ɗaya. "Anti, na gwada mitlof ɗin nan naki, wallahi kamar bulo ya fito." Ta biyu nata ya wargaje a faranti kamar dambu. Ta uku ko kuka ba ta kawo ba, cewa ta yi Amurkawa dai ba su iya abinci ba, ta zubar da nata ta dafa taliya. Duk wadda na tambaya yadda ta yi, sai in ji kuskuren da na tafka shekara 11 da suka wuce, lokacin da muka sauka Columbus a jihar Ohio. To na gaji da maimaitawa a waya.

Mitlof, wato burodin nama, niƙaƙƙen nama ne da ake haɗawa da jiƙaƙƙen burodi da ƙwai da albasa, a mulmula shi kamar burodi, a gasa, a yanka yanka-yanka. Asalinsa abincin maneji ne. Ya yi ƙarfi a gidajen Amurka a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, uwa tana da nama kaɗan da bakuna da yawa, sai ta ƙara masa auki da busasshen burodi ko hatsin oat. Jamusawa ma suna da irinsa, har suna ce masa "zomon ƙarya". Ki riƙe wannan tarihin, domin rashin saninsa ne ya jefa ni a kuskuren farko.

Ga yadda aka yi. Kawun maigidana ya zo bikin yaye ɗansa daga jami'a, ya sauka gidanmu kwana huɗu. Ni kuma amarya a ƙasar, ina so a koma Kano a ce matar wane ta iya girkin Turawa. Na je shagon halal na Somaliyawa, na tsaya kan mai nama sai da ya zaɓo min tsoka zalla, na sa ya yanke duk wani fari-fari da na gani, sannan ya niƙa. Da na duba takardar girkin na ga an ce a jiƙa burodi da madara a zuba cikin nama, sai na yi tsaki. Burodi a cikin nama? Ga baƙo, kuma surukina? A raina wannan ha'inci ne, irin na mai nono da ke ƙara ruwa. Na cire burodin, na cire madarar, na bar nama fam 3 da ƙwai da kayan ƙamshi. Na gasa kusan awa biyu don kada a ga ja.

Abin da na fito da shi daga obin ya ƙanƙance ya yi baƙi a gefe, yana zaune cikin wani ruwa mai launin toka. Wuƙa ta shiga da ƙyar. Kawu ya sa yanka ɗaya a baki, ya daɗe yana tauna, ya kurɓi ruwa, sannan ya dubi maigidan ya ce, "Wannan kilishin Turawa ne?" Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya yake tsakaninsa da Allah. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Daren nan shayi da burodi aka sha, burodin da na raina.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Kitse da jiƙaƙƙen burodi su ne rayuwar wannan abinci. Nama idan ya ji wuta tsukewa yake yi, ya matse ruwan jikinsa waje. Burodin da ya sha madara yana shiga tsakanin ƙwayoyin naman ya hana su ƙanƙame juna, kuma ya riƙe romon da zai gudu. Kitse kuma shi ke ba da laushi da ɗanɗano. A shagunan Amurka za ki ga an rubuta 80/20 a jikin leda, ma'ana kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse, wannan za ki ɗauka. Mai 93/7 ki bar wa masu rage ƙiba. Idan a gida kike, shanunmu na kiwon daji ba su da kitse cikin tsoka kamar na nan, don haka ki ce wa mahauci ya haɗa miki da tozo ko ɗan kitsen rago kafin ya niƙa, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ni a kilo 1 na nama ina sa burodi yanka 4 da na cire wa ɓawo, madara kamar kashi uku cikin huɗu na kofi, in bar su minti 10, in murje da cokali mai yatsu har ya zama kamar kunu mai kauri. Ƙwai 2. Na ga masu sa garin burodi busasshe kai tsaye, wasu garin biskit. Yana yi musu, ni dai ban yarda da shi ba, domin busasshen gari daga jikin naman zai sha ruwan da yake nema.

Kuma don Allah a daina wanke niƙaƙƙen nama. Na san mun taso ba a sa nama a tukunya sai an wanke, amma wanda aka niƙa idan ya ga ruwa ya zama taɓo, ɗanɗanon ya bi rariya. In hankalinki ba zai kwanta ba, wanke shi yana gunduwa, ki tsane shi sosai, sannan a niƙa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, saboda masu ƙoƙari ne ke yin sa. Hannun Bahaushiya ya saba da aiki. Mun saba tuƙa tuwo har ya yi sulɓi, mun saba buga ƙullun ƙosai har ya tashi, mun saba murza kwaɓin fulawa. Sai mace ta zo kan wannan nama ta hau cuɗa shi da dukkan ƙarfinta, wai don komai ya haɗe. Wata ƙanwata da ke Maryland ma a injin kwaɓa kek ta zuba, ta kunna ta tafi shanya. Ta turo min hoto tana alfahari da yadda ya yi sumul. Na ce mata ki jira ya gasu. Ya gasu, ya fito kamar roba, in ka danna shi da yatsa sai ya dawo.

Dalili shi ne gishiri da murza suna fito da wani sinadari mai danƙo daga cikin tsoka, irin wanda masu yin sosej ke nema da gangan don nasu ya yi tauri ya riƙe jiki. Ke ba sosej kike yi ba. Ni a kwano daban nake haɗa komai da komai, burodin da madararsa, ƙwai, albasa, gishiri, magi, masoro, in kaɗa su su zama abu ɗaya. Sai a ƙarshe in ɓarɓasa naman a kai, in buɗe yatsuna kamar manjagara in juya a hankali. Ba na kai minti ɗaya. Da na daina ganin farin burodi a dunƙule, na cire hannuna. Kuma naman ya fito daga firji da sanyinsa, domin ɗumin hannu yana narkar da kitse tun kafin a kai wuta. Ku da kuke ganin in ba ku yi gumi ba girki bai yi ba, ku haƙura, nan ba wurin nuna ƙarfi ba ne.

Ɗanyar albasa: ki soya ta tukuna da ɗan mai har ta yi laushi, ki bar ta ta huce. In ba haka ba za ta saki ruwa a ciki, kuma ki riƙa jin ƙaras-ƙaras. Tafarnuwa ma haka.

Rashin ɗanɗanawa: ba a lasar ɗanyen nama, amma ana gutsurar ɗan kaɗan a soya a kasko a ji gishiri. Minti biyu ne. Girkin Amurkawa a bakinmu lami ne, ni kam sai na ƙara citta da attarugu ɗaya da na jajjaga, wani lokaci har da ɗan kimba.

Sai maganar da ta fi ɗanɗano muhimmanci. A manyan kantunan Amurka akwai niƙaƙƙen nama da ake sayarwa a shirye musamman don mitlof, da sunan a jiki. Yawancinsa haɗi ne na naman sa da na ɗan maraƙi da na alade. Girke-girke da yawa kuma suna cewa a lulluɓe saman da siraran yankan naman alade. Na san wadda ta ɗauko ledar nan don ta ga sunan abincin a rubuce, Allah ya taimake ta 'yarta ta karanta ƙananan rubutun kafin a buɗe. Ki karanta, ko ki tsaya a shagon halal a niƙa a gabanki. Haka in an gayyace ki gidan maƙwabta aka kawo shi, tambaya ba rashin kunya ba ce.

Mu dawo kan wuta, inda na ƙarasa kashe na Kawu. Mu mutane ne masu tsoron jan nama, kuma a niƙaƙƙen nama tsoron yana da tushe, domin niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke saman nama har cikin tsakiyarsa. Amma ƙona shi ba magani ba ne, ma'aunin zafi za ki nema, ɗan tsinken nan mai kai kamar agogo. Hukumar noma ta Amurka ta ce niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 160 a ma'aunin Faranhait, wato 71 a Salshiyas. Na kaza ko talotalo 165, wato 74. Launi yaudara yake yi: wani lokaci ya nuna sarai amma ki ga ɗan ja-ja a ciki, musamman in akwai albasa da yawa, wani lokaci kuma ya yi ruwan ƙasa bai kai ba. Ina gasa nawa a 350 Faranhait, wato kusan 180 Salshiyas a obin irin na ƙasarmu, kilo ɗaya yana cin kamar awa ɗaya, amma tun daga minti 50 nake fara soka tsinken a tsakiya. Wadda ba ta da obin, tukunyar yashi da ake gasa kek da ita tana yi, sai dai ki raba naman gida biyu ƙanana don wutar ta ratsa.

Gwangwanin burodi da kowa ke sawa ni na daina. A ciki naman dahuwa yake cikin ruwansa da mansa, gefe ya fito fari sol. A tire nake shimfiɗa takardar gashi, in mulmula shi da hannu, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi, kaurinsa bai wuce yatsu huɗu ba, ko'ina ya sami wuta ya yi ɓawo. Masu gwangwani za su ce nasu ya fi kyan yanka. Na ji, su ci kyau.

Abin shafawa a sama kecaf ne rabin kofi da cokali ɗaya na sukari da cokali ɗaya na binega. Ni ruwan tsamiya mai kauri nake sawa maimakon binega. Rabi a shafa tun farko, rabi saura minti 15 a sauke. Wanda ya zuba duka tun farko a wuta mai ƙarfi zai ci ƙauri.

Kada ki yanka da zafinsa. Wadda nata ya zama dambu, wannan ne laifinta, ta amsa da bakinta: yara na kuka, ta sauke ta sa wuƙa. Ki ba shi minti 15 ya huta, romon ya zauna, jikin ya kama. Sauri ya haifi nawa.

Gaskiya ko bayan na gyara duk waɗannan, na yi shekara biyu ina yin sa don yara kawai, ni ba ya burge ni. Wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu, wadda ita ce ta fara nuna min jiƙa burodi bayan na ba ta labarin Kawu ta yi dariya har da hawaye, kullum cewa take wannan shi ne abincin da ke tuna mata da mahaifiyarta. Ina jin ta ne kawai. A wurina abin da ke kwantar da rai tuwon dawa ne da miyar kuka da man shanu, ban ga yadda dunƙulen nama da tumatir mai zaƙi zai kama ƙafarsa ba.

Sai wata safiya a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe ƙofa, an rufe makarantu, maigida ya yi tafiya, ni kuma mura ta kwantar da ni. Ba abin da ke firji sai ragowar na jiya. Na yanko yanka biyu masu kauri da sanyinsu, na ɗora a kasko da ɗan man shanu har kowane gefe ya yi ja ya yi ɓawo, na barbaɗa yajin ƙuli da aka aiko min daga Zariya, na haɗa shayi mai citta. Ina ci na ce ashe ɗumame ne. Ashe abin da tsohuwar nan ke nufi kenan, kuma kuskurena na ƙarshe shi ne da na ɗauke shi abincin baƙi, ina neman ya burge mutane a faranti mai tsada. Abincin gida ne, na ranar da ba ka da ƙarfin komai, kuma kamar tuwo, kwanan sa ya fi ranar sa daɗi.

Tun daga nan kilo biyu nake yi. Ɗaya mu ci da dare da dakakken dankalin Turawa da koren wake kamar yadda masu abin ke ci, ko da shinkafa da miya in yaran sun yi rigima. Ɗayan in bari ya huce, in yanka, in jera a roba. A firji yana kwana 3 zuwa 4, wanda zai wuce haka in sa a firiza, kowane yanka da takarda a tsakani don kada su manne.

Kawu ya sake zuwa bara. Na soya masa yanka biyu da yaji da safe ban ce masa komai ba. Ya cinye, ya miƙo farantin ya ce, "'Yata, akwai saura?"